Daga Kalifoniya Zuwa Boise: Yadda Tsadar Gida Ta Bi Masu Gudunta

A watan Mayun 2022, matsakaicin farashin gida a gundumar Ada ta jihar Idaho, inda birnin Boise yake, ya haura dala 600,000. Shekara huɗu kacal kafin nan, a 2018, gidan da ke tsakiyar jerin farashi yana ɗan sama da dala 300,000 ne. Ba a tono man fetur a garin ba, ba a kuma ninka wa malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya albashi ba. Mafi ƙarancin albashi a Idaho yana nan a dala 7.25 a awa, inda gwamnatin tarayyar Amurka ta ajiye shi tun 2009. Gidajen ma su ne dai na jiya. Masu saye ne suka canja, kuma da yawansu daga Kalifoniya suka taso, jihar da tsadar muhalli ta daɗe tana korar 'ya'yanta.

Labarin Boise ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a nan aka ga ƙarara abin da kan faru idan mutanen da tsada ta kora daga wani wuri suka sauka a inda suke ganin araha. Su kam sun samu sauƙi. Amma ba su baro tsadar a baya ba, a aljihunsu suka taho da ita.

Abin da ya kore su

Kalifoniya ba jihar talauci ba ce. Ita ce ta fi kowace jiha a Amurka yawan jama'a, ƙidayar 2020 ta ba ta mutum miliyan 39.5, kuma a cikinta manyan kamfanonin fasaha irin su Apple da Google suke. Matsalarta ita ce shekara da shekaru tana samar da ayyuka fiye da gidajen da masu ayyukan za su kwana a ciki. Hukumar gidaje ta jihar da kanta ta ƙiyasta cewa ana buƙatar sababbin gidaje 180,000 duk shekara, alhali a shekaru goman da suka gabaci 2018 abin da ake ginawa bai kai 80,000 ba a shekara. Giɓin da ya taru haka ba ya ɓoyuwa, a farashi yake fitowa. Ƙungiyar dillalan gidaje ta jihar ta ba da rahoton cewa matsakaicin farashin gida ya wuce dala 800,000 a 2021, ya kuma wuce 900,000 a 2024.

Me ya hana gini? Ba rashin fili ba ne kaɗai, ba kuma rashin magina ba. Doka ce. A yawancin biranen jihar, mafi yawan filayen zama an keɓe su ga gida ɗaya na iyali ɗaya a kan fuloti ɗaya, ba a yarda a ɗora bene mai gidaje huɗu ko shida a wurin ba. A Los Angeles kimanin kashi uku cikin huɗu na filayen zama haka suke. Birnin Berkeley ne ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara wannan tsari, tun a 1916. Sai kuma dokar kare muhalli ta 1970, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu yana gwamna. An yi ta da kyakkyawar niyya, amma ta zama sandar da duk maƙwabcin da ba ya son a yi gini kusa da shi zai ɗauka ya nufi kotu. Har ta kai a 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar da ginin ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, a kan hujjojin da suka haɗa da cewa ba a auna hayaniyar da ɗaliban za su riƙa yi ba. Sai da majalisar jiha ta gyara doka kafin aikin ya samu hanya.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ɗaure kai, domin da sunan taimakon masu gida aka yi shi. A 1978 masu zaɓe suka amince da ƙudiri mai lamba 13, wanda ya ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ya kuma hana a ƙara ƙimar da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, sai ranar da aka sayar da gidan a sake yi masa sabon kuɗi. Ga yadda abin ke kasancewa a layi ɗaya: dattijon da ya sayi gidansa a 1985 yana biyan harajin da aka ɗora a kan farashin wancan zamani, matashin da ya sayi irin gidan a jikin katangarsa bara yana biyan ninkin-ba-ninkin. Dattijon ba shi da dalilin sayarwa ko da 'ya'yansa sun watse ɗakuna sun zama kango. Hukumar birni kuma ta gane cewa kanti ko wurin sayar da motoci ya fi kawo mata kuɗin shiga ta harajin ciniki, gidaje kuwa sai ƙarin yaran makaranta da buƙatar ruwa da hanya. Don haka kowa yana da dalilinsa na cewa a yi ginin, amma a can wani wuri.

Wanda ba shi da gida shi ya biya kuɗin wannan duka. Idan aka auna talauci da ma'aunin hukumar ƙidaya wanda ke lissafa kuɗin muhalli, sau da dama Kalifoniya ce ke fitowa kan gaba a duk jihohi. A ƙidayar marasa matsuguni ta 2024 an samu mutum kimanin 187,000 a jihar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk ƙasar.

Ƙaura ba ta fara da tsallaka iyakar jiha ba. Matakin farko shi ne matsawa cikin ƙasa, nesa da gaɓar teku. Mai aiki a San Francisco ko San Jose ya koma Tracy ko Stockton ko Modesto, ya riƙa tashi tun kafin asuba yana haye tsaunin Altamont, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa idan hanya ta cushe. Da waɗannan garuruwan ma suka yi tsada, sai tunani ya koma kan barin jihar ɗungurungum. A 2022 kaɗai, alƙaluman hukumar ƙidaya sun nuna mutum fiye da 800,000 sun bar Kalifoniya zuwa wasu jihohi, waɗanda suka shigo ba su kai 500,000 ba. Teksas ce ta fi kwasa, sama da mutum 100,000 a shekarar. Bayan ƙidayar 2020 jihar ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya, daga 53 zuwa 52, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihinta.

Ƙaramin gari, babban ayari

Ga Teksas mai mutum kusan miliyan 30, baƙi dubu ɗari abin da za a iya haɗiyewa ne. Idaho kuwa duk jama'arta a 2020 miliyan 1.8 ne, Boise babban birninta ba ta kai mutum 240,000 ba. Ɗan ƙaramin kaso na masu barin Kalifoniya ya isa ya girgiza kasuwarta. Jihar ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, Utah ce kaɗai ta fi ta saurin girma, kuma a 2024 ta cika mutum miliyan biyu. Kalifoniya da Washington ne kan gaba wajen turo mata mutane.

Wanda yake son ganin girman abin da idonsa, ya duba Meridian, da ke jikin Boise ta yamma. A 1990 ƙauyen manoma da masu kiwon shanun madara ne, bai kai mutum 10,000 ba. A 2000 ya kusa 35,000, a 2010 ya kai 75,000, a 2020 ya haura 117,000. Gonakin da ake shayarwa da ruwan kogin Boise su ne suka koma unguwanni, titin Eagle da ke ratsa garin ya zama abin da direbobi ke kuka da shi safe da yamma.

Abin da ya ja mutane a bayyane yake. Tafiyar yini ɗaya ce a mota daga San Francisco. Ga kogi ya ratsa gari, ga duwatsu a bayansa, ga kamfanoni irin su Micron mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da Albertsons mai manyan kantuna, duk hedikwatarsu a nan. Uwa uba, gida mai ɗaki uku da tsakar gida a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da za a nema a yankin San Francisco. Ayarin ya fara tun kafin annobar korona. Da ta zo a 2020, sai abu biyu suka haɗu a lokaci guda. Kamfanoni suka ce ma'aikata su yi aiki daga gida, wato mutum zai iya riƙe albashinsa na Kalifoniya yana zaune a Idaho. Babban bankin Amurka kuma ya karya kuɗin ruwa, har bashin sayen gida na shekara 30 ya sauko kashi 2.65 cikin 100 a Janairun 2021, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani.

Mutum biyu, gida ɗaya

A ɗauki misali, ba na wasu sanannun mutane ba, na yadda cinikin yakan kasance a 2021. Gida ya fito kasuwa ranar Alhamis a kan dala 450,000. Asabar da Lahadi masu dubawa suna shiga suna fita, motoci sun cika layi. Dillali ya ce duk mai so ya miƙa tayinsa kafin yammacin Litinin.

Mai tayi na farko mata da miji ne 'yan garin, ita tana koyarwa, shi yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Sun yi shekaru suna tara kafin alƙalami, sauran kuɗin banki ne zai ba su. Bankin ba zai saki ko sisi ba sai ya turo mai ƙiyasi ya tabbatar gidan ya kai kuɗin da za a biya, kuma su ma ba za su iya saye ba tare da an duba rufi da wayoyi da bututu ba, domin ba su da rarar gyara. Cinikinsu zai ɗauki wata guda ko fiye, kuma yana iya wargajewa a hanya.

Mai tayi na biyu ya sayar da gidansa a San Jose, wanda ya saya shekara ashirin da suka wuce. Bayan ya biya ragowar bashi, dubban ɗaruruwan daloli sun rage a hannunsa, kuma dokar harajin tarayya ta yafe wa ma'aurata haraji a kan ribar da ta kai dala 500,000 idan gidan da suke zaune a ciki suka sayar. Ya ce zai biya 500,000, kuɗi hannu, ba ƙiyasi, ba duba, a kammala cikin mako biyu. Wataƙila ma ta bidiyon waya ya ga gidan. A wurinsa wannan araha ce ta ban mamaki, domin a inda ya fito kuɗin ba zai saya masa ko rabin irin wannan gida ba.

Mai gida ba ya buƙatar dogon tunani. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne abin da ke biyo baya: wannan 500,000 ta zama ma'aunin da za a yi wa gidan gaba kuɗi da shi, har da wanda babu ɗan Kalifoniya ko ɗaya a cikin masu tayinsa. Ba sai baƙi sun sayi rabin gari ba kafin farashi ya tashi. Ya isa a ce a kowane ciniki akwai yiwuwar ɗayansu ya bayyana. Daga nan 'yan gari ma suka shiga tsoron kada a bar su a baya, suka riƙa ƙure ƙarfinsu, masu zuba jari kuma suka shigo suna saye don su sa haya ko su sake sayarwa. Kafin a ankara masu bincike na jami'o'i biyu a Florida, waɗanda ke kwatanta farashin gidaje da yadda ya saba tafiya a tarihi, sun sa Boise a kan gaba a duk ƙasar, da farashin da ya zarce inda ya kamata da sama da kashi 70 cikin 100.

Wanda ya ci da wanda aka ci

Kuskure ne a ce duk 'yan Boise sun yi asara. Duk wanda ya mallaki gida kafin 2018 ya wayi gari da dukiyar da bai yi mafarkinta ba, wasu ma sun sayar sun ƙara gaba zuwa inda ya fi araha. Sai dai dukiyar takarda ce ga wanda ba shi da niyyar tashi, kuma ta zo da wutsiya. Idaho ba ta da irin ƙudiri na 13, ana sake ƙiyasin gida daidai da kasuwa. Rangwamen da ake yi wa mai zaune a gidansa kuma, wato abin da ake cirewa daga ƙimar gidan kafin a lissafa haraji, majalisar jiha ta daskarar da shi a dala 100,000 a 2016, sai a 2021 ta ɗaga shi zuwa 125,000, lokacin da farashi ya riga ya yi nisa. Tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho a gidan da ta gama biya tun tuni ta ga nauyin haraji yana karkatowa kanta, ba don ta ƙara ko bulo ɗaya ba.

Ɗan haya kuwa ba shi da ko wannan ta'aziyyar. Dokar Idaho ta hana birane ƙayyade kuɗin haya, ta kuma hana su ɗaga mafi ƙarancin albashi sama da na jiha. Mai karɓar dala 7.25 a awa, idan ya yi awa 40 duk mako shekara guda cur ba hutu, abin da zai tashi da shi dala 15,080 ne. Gaskiya ne yawancin ma'aikata a Boise suna samun fiye da haka, amma albashin gari bai taɓa gudu da saurin kuɗin haya ba a waɗannan shekaru. Idan wa'adin haya ya ƙare mai gida ya turo takardar ƙari, zaɓi biyu ne: a biya ko a kwashe kaya.

Masu kwashe kayan ina suka nufa? Yamma, zuwa Nampa da Caldwell a gundumar Canyon, ko Kuna da Star da Middleton, wasu ma har Emmett da Mountain Home. Su ma da suka isa can sun fi 'yan can ƙarfi, farashin can ma ya tashi. Abin ya zama kamar mutanen da ke zaune a benci ɗaya: idan wani ya matso daga wannan gefe kowa sai ya gusa, na can ƙarshe shi ne zai sha ƙasa, kuma bai ma ga fuskar wanda ya fara turin ba. Babbar hanyar I-84 da ta haɗa Caldwell da Boise ta koma cike da masu sammakon zuwa aiki, wato irin rayuwar da ɗan Stockton ya gudo ya bari ita ce ɗan Boise ya gada. A garuruwan shaƙatawa na jihar abin ya fi muni. A Ketchum, kusa da Sun Valley, har an tattauna a 2021 ko a bar ma'aikatan gari su kafa tantuna a filin shaƙatawa, domin masu dafa abinci da masu jinya sun rasa wurin kwana a garin da suke wa hidima.

Makarantu ma sun ji a jikinsu. A Idaho, kafin gundumar ilimi ta ci bashin gina sabuwar makaranta sai kashi biyu cikin uku na masu zaɓe sun amince, kuma jihar tana cikin na ƙasa-ƙasa wajen kuɗin da ake kashe wa kowane ɗalibi. Unguwa takan cika da yara cikin shekara biyu, makarantarsu kuwa sai an yi ta faɗi-tashi a akwatin zaɓe, a hannun mutanen da harajin gida ya riga ya fusata.

Fushin gari

Fushin bai tsaya a zuci ba. A zaɓen magajin garin Boise na 2019 an samu ɗan takarar da jigon kamfen ɗinsa shi ne a tsayar da kwararar 'yan Kalifoniya, har yana zancen katanga. Bai kai labari ba a ƙuri'a, Lauren McLean ce ta ci, amma maganarsa ta zagaya ƙasar domin ta faɗi abin da mutane da yawa ke faɗa a teburin cin abinci. Sababbin zuwa suka koyi gaggawar canja lambar motarsu. Wannan ƙyama ba sabuwa ba ce a yankin. Tun a 1971 gwamnan Oregon, Tom McCall, ya gaya wa baƙi su zo yawon buɗe ido sau nawa suke so, amma don Allah kada su zauna.

Wani abin da ya ba masu hasashe kunya shi ne siyasa. An yi ta tsoron 'yan Kalifoniya za su juya Idaho, jihar 'yan Republican, zuwa ɓangaren Democrat. Da ofishin sakataren jiha ya fitar da alƙaluman rajistar masu zaɓe, sai aka ga akasarin waɗanda suka zo daga Kalifoniya 'yan Republican ne. Ke nan ba gida kaɗai ya taso wasu ba, har da haraji da dokokin korona da jin cewa jiharsu ta daina kama da su. Wannan ya kamata a riƙe, domin duk wanda ya ce tsadar gida ce kaɗai dalili ya rage labarin. Amma ita ce ta ba su kuɗin tafiyar. Ba don gidan San Jose ya yi tsadar da ya yi ba, da mai shi bai iso Boise da abin da zai kayar da kowa a ciniki ba.

Tarihi kuma yana da nasa barkwanci. A shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka tashi manoman Oklahoma da maƙwabtanta, Kalifoniya ce mafaka, kuma ita ce mai korar baƙi. A 1936 shugaban 'yan sandan Los Angeles ya tura jami'ansa har iyakokin jihar su mayar da matalauta masu shigowa. A 1941 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar Kalifoniya da ta haramta shigo da matalauci jihar. Wannan hukunci yana cikin dalilan da suka sa yau babu jihar da za ta iya rufe ƙofa ga ɗan wata jiha, Idaho ma haka.

A ganina, ɗora laifin a kan wanda ya ɗauko iyalinsa ya nemi inda zai iya biya ɓata lokaci ne. Da yawa daga masu barin Kalifoniya ma ba masu kuɗi ba ne, bincike ya daɗe yana nuna masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne suka fi fita, 'yan haya ne da ba su da gidan sayarwa. Ƙarancin da majalisun biranen gaɓar teku suka ƙirƙira da hannunsu shi ne aka yi wa Idaho aikensa. Amma Boise ma ba za ta wanke hannu tas ba. Dokar tsara garinta a wancan lokacin ta 1966 ce, kuma irin ta Kalifoniya ce a ruhinta: fuloti ɗaya, gida ɗaya, maƙwabta su cika zauren majalisa duk ranar da aka ce za a yi bene. Wasu daga masu ɗaga murya a kan sabon gini ma ba su daɗe da sauke kayansu ba.

Da kuɗin ruwa ya juya

A Maris 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa don yaƙar hauhawar farashi. Kafin ƙarshen shekarar bashin gida na shekara 30 ya haura kashi 7 cikin 100. Boise na cikin garuruwan farko da kasuwarsu ta yi sanyi. Layin motoci ya ɓace, masu sayarwa suka fara rage kuɗi, kuma a farkon 2023 matsakaicin farashi a gundumar Ada ya sauko ƙasa da dala 500,000.

Wanda ya ji haka zai ce 'yan gari sun samu sa'ida. Lissafi bai ce haka ba. Bashin dala 400,000 na shekara 30 a kan kashi 3 cikin 100, biyansa kimanin dala 1,690 ne a wata. Bashin nan dai a kan kashi 7, ya kai kimanin dala 2,660. Ragin da aka samu a farashi, kuɗin ruwa ya cinye shi har ya nemi ƙari. Mai kuɗi hannu kuwa ko a jikinsa, domin ba ruwansa da banki, sai ma ya samu gidan da rangwame. Sannan waɗanda suka kama bashi mai araha a 2020 da 2021 suka ƙi sayarwa, tunda duk wanda ya saki nasa zai koma ya ci sabo a ninkin kuɗin ruwa. Gidajen da ke fitowa kasuwa suka ragu, farashi ya daina faɗuwa, ya sake haurawa sama da 500,000. Bai koma kusa da na 2018 ba.

Shin gini yana magani? Idaho ba ta yi ƙwauron gini ba, tana cikin jihohin da yawan gidajensu ya fi saurin ƙaruwa a 'yan shekarun nan. Amma gida yana cin shekara ɗaya ko biyu daga takarda zuwa mabuɗi, ayari kuwa cikin wata shida yake sauka, kuma yawancin abin da aka gina manyan gidaje ne a bakin gari, ba ƙananan da mai albashin gari zai iya ba. Austin ta Teksas ta nuna ɗaya fuskar. Ita ma ta sha irin wannan kwarara, kamfanin Oracle ya mayar da hedikwatarsa can a 2020, kamfanin Tesla ya bi a 2021, haya ta yi tashin gwauron zabi. Sai dai birnin ya bari an gina benayen haya da yawan gaske, kuma tun daga 2023 kuɗin haya yake sauka. Masu gidajen haya ne suka koma neman 'yan haya da tayin wata ɗaya ko biyu kyauta.

Boise ta bi wannan hanya a makare. A 2023 majalisar birnin ta amince da sabuwar dokar tsara gari, ta maye gurbin ta 1966, ta ba da damar gina gidaje fiye da ɗaya a fuloti da dogayen gine-gine a kan manyan tituna, ta kuma rage yawan wurin ajiye mota da ake tilasta wa magini. An yi kwanaki ana sauraron jama'a kafin a kai ga haka, masu adawa suna cewa za a ɓata musu unguwa. McLean ta sake cin zaɓe a ƙarshen shekarar. Kalifoniya ma ta fara warware abin da ta ɗaure: dokar 2021 da ta halatta raba fuloti da gina gida biyu inda a da ɗaya ne kawai, sai gyaran 2025 da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu, wanda ya cire yawancin gine-ginen zama na cikin gari daga tarkon dokar muhalli ta 1970. Shi ne dai ya yi alkawarin gidaje miliyan 3.5 kafin 2025 lokacin da yake neman kujerar, abin da aka gina bai ko kusanci haka ba.

Kwararar ta lafa idan aka kwatanta da 2021, kamfanoni da yawa sun kira ma'aikatansu su koma ofis, kuma Boise ta daina zama arahar da take a idon baƙo. Sai dai wani matsin yana tafe daga cikin gida. A 2022 Micron ta sanar da gina sabuwar masana'anta ta dala biliyan 15 a Boise, wadda za ta ɗauki dubban ma'aikata masu albashi mai tsoka, ban da magina da 'yan kwangilar da aikin ya riga ya jawo. Su ma a kwarin nan za su nemi wurin kwana, tsakanin Boise da Caldwell.